Wasiƙun Sojojin Ruwa Masu Sintirin Hana Fataucin Bayi da Tarihin Bauta a Kudancin Ƙasar Kano: Nazari Daga Yankin Kura da Bunkure

Tsakure

Wannan maƙala ta duba wasiƙu da rahotannin da hafsoshin sojan ruwan Birtaniya suka rubuta a lokacin da suke sintiri a gaɓar tekun Afirka ta Yamma domin hana fataucin bayi, daga 1808 zuwa shekarun 1860, don a tantance abin da za su iya ƙara wa tarihin kudancin ƙasar Kano, musamman yankin Kura da Bunkure inda aikin noman rani na Kogin Kano yake a yau. Hujjar maƙalar ita ce, marubutan waɗannan takardu sun haɗu da bawa ne a ƙarshen tafiyarsa, bayan ya ratsa hannun fatake da yawa, saboda haka ba za su amfani mai nazarin tarihin Kano ba sai ya bi sawunsu daga bakin teku ya dawo cikin ƙasa, ya kuma auna su da shaidar da ke gida.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1807 majalisar dokokin Birtaniya ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin bayi ta teku, a shekarar da ta biyo baya kuma aka tura jiragen yaƙi gaɓar Afirka ta Yamma domin tabbatar da dokar, wanda shi ne mafarin rundunar da ta shafe fiye da shekara hamsin tana tare jiragen bayi tsakanin Senegal da Angola. Ƙiyasin da masana suka fi ambata shi ne rundunar ta kama jirage kimanin 1,600, ta kuɓutar da mutane kimanin 150,000, alhali waɗanda aka loda a jirage zuwa nahiyar Amurka bayan 1808 sun haura miliyan 3, wato abin da sintirin ya ceto bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Kusan mutum 100,000 daga cikin waɗanda aka kuɓutar an sauke su ne a Firitawun ta ƙasar Saliyo, kuma a cikinsu akwai Hausawa da Barebari da Nufawa. Wannan ne ya sa takardun rundunar suka shafi ƙasar da ke nesa da teku da tafiyar watanni, kamar ƙasar Kano.

2.0 Ire-iren takardun da halin da aka rubuta su

Takardun sun kasu gida uku. Kashi na farko shi ne wasiƙun aiki, waɗanda shugaban jirgi yake aika wa Ma'aikatar Sojan Ruwa a Landan, yana bayyana inda ya kama jirgi da tutar da jirgin yake ɗauke da ita da adadin mutanen da aka samu a ciki, kuma mafi yawansu suna ajiye a Gidan Adana Tarihi na Birtaniya da ke Kew, wasu kuma an buga su cikin takardun majalisa tun a wancan zamani. Kashi na biyu shi ne wasiƙun da sojojin suke rubuta wa iyayensu da matansu, tare da littattafan da suke rubuta abin da ya faru kowace rana, kamar na Cheesman Henry Binstead, ƙaramin hafsa a jirgin Owen Glendower a 1823 da 1824, kuma irin waɗannan ne Mary Wills ta yi nazari a kansu a littafin da ta fitar a 2019. Kashi na uku shi ne rajistar kotunan Firitawun, wato kotun sojan ruwa da aka kafa a 1808 da kotun haɗin gwiwa da ta fara zama a 1819, inda alƙalan Birtaniya suke zama da na ƙasar da jirgin ya fito, kamar Fotugal ko Sifen, su yanke hukuncin ƙwace jirgi ko sakinsa.

Fahimtar waɗannan takardu tana buƙatar sanin halin da marubutansu suke ciki. Zazzaɓin cizon sauro da shawara sun fi harsashi kashe sojojin, har a shekarar 1829 rundunar ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanenta, saboda haka wasiƙun gida cike suke da zancen ciwo da mutuwa da kewar iyali. Akwai kuma batun kuɗin kai, wato ladan da gwamnati take biyan ma'aikatan jirgi a kan kowane mutum da suka kai kotu da rai, wanda aka rage zuwa fam 10 a 1824, sannan zuwa fam 5 a 1830. Wannan tsari ya sa lissafi ya zama zuciyar wasiƙar aiki, domin adadin kawunan da aka ƙirga shi ne abin da kotu da ma'aikatar kuɗi suke dubawa, kuma hafsan da ya rubuta cewa jirgin Black Joke ya kama jirgin Almirante a 1829 da mutane 466 a ciki ba shi da dalilin tambayar garin da kowannensu ya fito. Ko da tausayi ya bayyana a rubutun, kamar yadda yake bayyana a bayanin cunkoso da ƙishirwa da gudawa a ƙarƙashin jirgi, marubucin ba ya jin harshen waɗanda yake tausaya wa, kuma sau da yawa ƙyamar fataucin tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da raina baƙar fata a cikin wasiƙa ɗaya.

Rajistar kotu ta fi wasiƙun kusantar mutum, domin magatakarda yana rubuta sunan wanda aka 'yantar kamar yadda kunnensa ya ji, da jinsinsa da ƙiyasin shekarunsa da tsawonsa da tsagar da ke fuskarsa ko jikinsa. Ga mai nazarin ƙasar Hausa, tsaga shaida ce mai nauyi, tunda zuben Gobirawa ya bambanta da na Kabawa da na Barebari, kuma wanda ya san waɗannan alamomi zai iya karanta abin da magatakardan ya rubuta ba tare da ya san ma'anarsa ba.

3.0 Sojojin ruwan da suka shigo ƙasar Kano

Alaƙar sintirin teku da ƙasar Kano ba ta tsaya ga takardun Firitawun ba, domin Baturen Birtaniya na farko da ya bar cikakken bayanin birnin Kano, wato Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwa ne. Ya shiga Kano a watan Janairu 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ta hanyar hamada da Borno, ya wuce Sakkwato inda ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a watan Maris, ya koma gida da wasiƙar Bello zuwa ga Sarkin Ingila George na Huɗu, wadda ta nuna amincewa da hana fitar da bayi ta teku a madadin ciniki da wakilci. Turawa sun ɗauki wannan wasiƙa a matsayin shiga sahunsu, amma Paul Lovejoy ya nuna cewa damuwar Bello ta girmi zuwan Clapperton, domin tun a Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812, ya koka da yadda ake sayen bayi daga ƙasar Hausa a kai su ƙasar Yarbawa a sayar wa Nasara, ya kuma gargaɗi mutane kada su sayar da Musulmi ta wannan hanya. Abin da Bello yake neman hanawa shi ne bautar da Musulmi ɗan halas da miƙa shi hannun wanda ba Musulmi ba, abin da Birtaniya take neman hanawa kuma shi ne ketare teku da bawa ko wane ne shi, kuma babu ɗayansu da ya yi niyyar taɓa bautar da ke cikin gida a lokacin.

A tafiyarsa ta biyu, Clapperton ya zo ne a cikin jirgin yaƙi mai suna Brazen, wanda ya kama jiragen bayi a kan hanya kafin ya sauke shi a Badagiri a ƙarshen 1825. Daga nan ya bi ta tsohuwar Oyo da Borgu da Nufe da Zariya, wato ya hau hanyar da ake gangarar da bayi zuwa teku, ya bi ta Bebeji ya shiga Kano a watan Yuli 1826. Bebeji maƙwabciyar Kura ce, kuma a ƙasarta madatsar ruwan Tiga take a yau, saboda haka bayanin da ya rubuta game da gonaki da garuruwa masu ganuwa da ayarin fatake a wannan zango shi ne mafi kusancin abin da alƙalamin sojan ruwa ya rubuta ga yankin da maƙalar take magana a kai. Tafiyar ba ta haifi yarjejeniya ba, domin ta zo daidai da yaƙin Sakkwato da Shehu Laminu na Borno, aka ƙwace wasiƙa da kyaututtukan da ya ɗauko wa Shehun, shi kuma ya rasu kusa da Sakkwato a watan Afrilu 1827.

Mutumin da ya fi dacewa a tsaya a kansa a wannan ayari shi ne tafintan Clapperton, Abubakar, wanda Turawa suke kira William Pascoe. Bagobiri ne da aka kama aka yi ta sayarwa har bakin teku, aka loda shi a jirgin Fotugal, jirgin sintiri ya kuɓutar da shi, ya yi aikin jirgin ruwa a rundunar Birtaniya, sannan ya dawo ƙasar Hausa a matsayin mai fassara. Clapperton da baransa Richard Lander sun rubuta labarinsa cikin fushi, saboda ya sha guje musu a Kano da bayanta, suna kiransa mara amana. Idan aka karanta labarin daga ɓangaren Abubakar, abin da ke ciki shi ne mutumin da ya dawo ƙasar da ake jin harshensa bayan shekaru masu yawa, yana neman aure da wurin zama, yana kuma auna wanda ya fi masa tsakanin zama a gida da komawa jirgi. Wannan misali yana nuna yadda ya kamata a bi da takardun gaba ɗaya, wato a karɓi abin da ya faru daga marubucin, a kuma sake auna fassarar da ya yi masa.

Bayan shekara 36 da shigar Clapperton Kano karo na biyu, wani sojan ruwan, likita William Balfour Baikie, wanda ya jagoranci jirgin Pleiad a kogin Binuwai a 1854 ba tare da rasa ko mutum ɗaya ba saboda shan kwinin, ya taso daga mazauninsa na Lokoja ya iso Kano a 1862, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Abokin tafiyarsa a jirgin Dayspring, wanda ya fashe kusa da Jebba a 1857, shi ne John Hawley Glover, kuma shi ne ya tara Hausawan da suka tsere daga bauta a ƙasar Yarbawa ya kafa rundunarsu a Legas a 1863. Daga wannan runduna tarihin sojan Nijeriya yake farawa, kuma dakarun da suka fasa Bebeji suka ci Kano a ranar 3 ga Fabrairu 1903, ƙarƙashin Kanar Morland, magadanta ne. Ta haka aikin da ya fara da tare jirage a teku ya ƙare da mamaye ƙasa, kuma hujjar hana bauta ce aka ɗauko tun daga harin Legas na 1851 har zuwa bakin ganuwar Kano.

4.0 Muryar waɗanda aka kuɓutar

Inda wasiƙun sojoji suka yi shiru, masu nazarin harshe sun cike wani giɓi. James Frederick Schön, ɗan mishan Bajamushe, ya koyi Hausa ne daga 'yantattun Saliyo kafin ya fitar da littafin kalmomin Hausa a 1843, Sigismund Koelle kuma, a littafinsa na kwatanta harsunan Afirka na 1854, ya rubuta Hausar Kano da ta Katsina daga bakin mutanen da jiragen sintiri suka kawo, tare da taƙaitaccen labarin yadda aka kama kowane mai ba shi bayani da garuruwan da aka bi da shi. Babban malamin Koelle a harshen Barebari, Ali Eisami, an kama shi ne a rikicin da ya biyo bayan jihadi, aka ratsa da shi ƙasar Hausa da Yawuri zuwa ƙasar Yarbawa, aka sayar da shi ga Turawa bayan tawayen Afonja na Ilorin a 1817, lokacin da iyayengiji suka ji tsoron bayinsu Musulmi, ya isa Saliyo a 1818. Ƙidayar Saliyo ta 1848 ta nuna Hausawa 657, adadin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na Yarbawa ba, amma ya isa su zama al'umma mai suna a Firitawun.

Waɗanda sintirin bai cim musu ba, mafi yawansu Bahiya ta ƙasar Burazil aka kai su, inda Hausawa suka shirya tawaye a 1807, suka tayar a 1809 da 1814, suka kuma shiga babban tawayen Musulmi na watan Janairu 1835. Jakadan Faransa a can, Francis de Castelnau, ya yi hira da Hausawa bayi ya buga bayanansu a 1851, kuma sun ambaci Kano da Katsina da Zariya da yaƙe-yaƙen da aka kama su a ciki. Idan aka haɗa waɗannan shaidu, hoton da ke fitowa shi ne mafi yawan Hausawan da suka kai teku maza ne baligai da aka kama a yaƙi ko a hanyar fatauci, kuma hanyar tasu ta bi ta Zariya da Nufe da Ilorin zuwa Legas ko Badagiri ko Ajashe ko Wida, mata da yara kuwa an fi riƙe su a gida ko a tura su hamada.

5.0 Abin da ba a iya gani daga saman jirgi

Babban abin da wasiƙun ba su nuna ba shi ne inda mafi yawan bayin ƙasar Kano suka ƙare. Heinrich Barth, wanda ya zauna a Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa bayin da ake fitarwa daga birnin ba su wuce 5,000 a shekara ba, wasu zuwa Borno da hamada, wasu zuwa Nufe, ya kuma lura cewa da yawa ana sayar da su ne don aiki a cikin ƙasa, kuma babbar dukiyar Kano tufafi ce. Wannan tufa ita ce ta ɗaukaka Kura, garin marina da mabuga, wanda baƙin rawani da turkuɗi masu ƙyalli da ake kira 'yan Kura suka kai sunansa ƙasar Azbin da bayanta, kamar yadda Philip Shea ya bayyana a bincikensa na 1975 a kan rini a masarautar Kano. Karofi, wato wurin da ramukan rini suke, yana cin baba da toka da ruwa da itace, masaƙa tana cin auduga, masu sana'ar kuma suna cin dawa da gero, kuma wani kaso mai yawa na wannan noma a ƙasar Kano ta ƙarni na 19 bayi ne suka yi shi.

Tsarin da aka bi shi ne na gandu da rinji. Gandu a nan shi ne babbar gonar sarki ko basarake ko attajiri, rinji kuma ƙauyen da aka zaunar da bayi don su noma ta, ƙarƙashin sarkin gandu, suna aikin ubangida daga safe zuwa azahar, su juya zuwa gayaunarsu, wato 'yar gonar da aka ba kowa don kansa. Gandayen sarauta irin su Fanisau da Ɗorayi da Nasarawa sun samu masu nazari, musamman Mohammed Bashir Salau wanda ya fitar da littafi a kan Fanisau a 2011. Kudancin masarautar yana da wani ƙarin hali, domin daga tsakiyar ƙarnin Ningawa sun riƙa kai hare-hare ƙasar Rano da kewayenta suna kama mutane, sarakunan Kano su ma suna kai yaƙi kudu suna dawowa da kamammu, don haka yankin Bunkure ya zauna a kan iyakar da ake kamawa kuma ake kawo waɗanda aka kama.

Daga nan ne za a gane iyakar nasarar da wasiƙun suke murna da ita. Lokacin da Burazil ta rufe tashoshinta ga jiragen bayi a 1850, kuma cinikin Kyuba ya mutu a shekarun 1860, ƙofar teku ta rufe, amma yaƙin da ke samar da bayi bai tsaya ba, kasuwar tufafin Kano kuma tana ƙara faɗi, sai ya zamana mutanen da a da za a gangarar da su kudu sun ƙaru a kan waɗanda ake zaunarwa a rinji. Hanyoyin fita daga bauta da suka yi aiki a nan su ne na shari'a da al'ada, wato fansa, inda dangi suke biyan kuɗi su karɓi nasu, da murgu, inda bawa yake aikin kansa yana biyan ubangida har ya tara kuɗin 'yancinsa, da 'yantawa don neman lada. Dokar Lugard ta 1901 ta haramta saye da sayarwa, ta kuma ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, wato shekara 128 bayan jirgin sintiri na farko.

6.0 Noman rani da shaidar da ke ƙasa

Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ita ce take shayar da filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976, kuma kashin farko na aikin an tsara shi ne a kan kadada kimanin 22,000. Kafin ruwa ya iso sai da aka share gonaki, aka daidaita ƙasa, aka ja magudanai, aka sake raba filaye, shinkafa da alkama da tumatir suka maye gurbin dawa da auduga da baba. Wannan ya kawo arziki, amma ya taɓa irin shaidar da mai tarihi yake dogaro da ita, kamar tsohuwar iyakar gona da kufai da itatuwan da ake gane wuri da su. Abin da ya rage shi ne sunayen unguwanni da gonaki masu ɗauke da gandu ko rinji, da ragowar karofi, da takardun gado da na kotun alƙali, da rahotannin ƙididdigar haraji na farkon mulkin mallaka da ke Gidan Adana Tarihi na Kaduna, da abin da dattawa suka ji daga kakanninsu. Tattara wannan na ƙarshe yana buƙatar hattara, domin asalin bauta magana ce da take shafar aure da sarauta har yau, kuma mai bincike ba shi da hurumin tona asirin gidan da bai ba shi izini ba.

7.0 Kammalawa

Wasiƙun sojojin sintiri suna da amfani ga tarihin kudancin Kano ta fuska uku: suna ba da kwanan wata da adadi da tashar da aka loda mutane, suna adana sunaye da tsagar Hausawan da suka kai teku, suna kuma nuna yadda tunanin da ya kai Turawa ga mamaye ƙasar ya girma a zukatan hafsoshinsu. Ba za su iya bayyana rayuwar rinji ba, ko dangantakar noman bayi da rinin Kura, ko abin da ya faru da jikokin waɗanda ba a taɓa kai su teku ba, kuma waɗannan su ne mafi yawa. Saboda haka maƙalar tana ba da shawarar aiki iri biyu: masana harshe da al'adun Hausa su bi rajistar Firitawun su ware sunaye da tsagar da suka fito daga ƙasar Hausa, sassan tarihi na jami'o'in Kano kuma, da haɗin kan hakimai da dagatan Kura da Bunkure, su rubuta sunayen wurare da tarihin baka na yankin noman rani, tare da alƙawarin sakaya sunan duk wanda ya nemi haka.